Kurakuran da masu zuwa Miho no Matsubara suka fi yi, da yadda za ka kauce musu

Duk wanda ya taɓa ganin hoton nan na Japan, bakin teku da baƙin yashi, ga bishiyoyin fayin masu ganye kamar allura sun jeru, can baya kuma dutsen Fuji da farar ƙanƙara a ka, to sau da yawa Miho no Matsubara ne. Wurin yana unguwar Shimizu a birnin Shizuoka, gaɓa ce ta kusan kilomita 7 da bishiyoyi wajen 30,000, kuma tun 2013 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da Fuji ɗin. Abin da ke ci min rai shi ne mutum ya kashe kuɗin jirgi da na otal ya je ya dawo yana cewa wai babu komai a wurin, alhali shirin ne bai yi ba.

Babban kuskure shi ne lokaci. Mutane suna ɗauka Fuji kullum yana nan tsaye yana jiransu tunda dai tsayinsa mita 3,776 ne, ina! Tsakaninsa da Miho akwai kusan kilomita 45, ƙaramin gajimare ya isa ya shafe shi gaba ɗaya. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce a can, bayanta kuma zafi da laima su cika iska, sai ka ga sararin ya yi dishi-dishi kamar hazon hunturu ya rufe gari, ka san dutsen yana wajen amma idonka ba zai kama shi ba, kuma ko ka yi sa'a ya bayyana a watan Agusta babu farar hular nan a kansa don ƙanƙarar ta narke. In dai don dutsen za ka je, ka nufi Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin iska a bushe take. Sannan ka yi sammako, don Allah ka yi sammako, da rana ta ɗaga gajimare yake fara taruwa a kan dutsen. Kafin ka bar masauki ka duba hasashen yanayi a waya, akwai ma kyamarorin da ke nuna Fuji kai tsaye a intanet, in ka ga a rufe yake kuma kana da wata rana a hannu to ka ɗage. A Disamba wajen ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi, wanda ya ce sai bayan la'asar zai kama hanya duhu zai tarar, ka lissafa da sallolinka tun daga gida ka riƙe ƴar dardumarka.

Na hanya kuwa, in daga Tokyo kake kar ka faɗa Nozomi cikin jiragen ƙasa masu gudu da ake kira Shinkansen, baya tsayawa a Shizuoka, Hikari mai tsayawa can ko Kodama za ka nema. Daga Shizuoka ƙaramin jirgi zuwa tashar Shimizu minti goma ne da ɗan wani abu, sai bas kamar minti 25, kuma bas ɗin ba a bakin ruwa zai ajiye ka ba, akwai sauran tafiyar ƙafa.

Wannan tafiyar ƙafar ma wasu tasi suke hawa su tsallake ta, ni a ganina asara ce. Daga wurin bautar Miho akwai hanyar katako ta kusan mita 500 da ake kira Kami no Michi, tsofaffin bishiyoyi hagu da dama wasu sun karkace sun sunkuyo kan hanya, ita za ta kai ka har gindin Hagoromo no Matsu, bishiyar da tatsuniyarsu ta ce wata ƴar sama ta rataye rigarta ta gashin tsuntsu a kai ta shiga wanka wani masunci ya ɗauke. Wadda take tsaye yanzu ita ce ta uku, a 2010 ta gaji wadda ta tsufa.

To a nan mutane da yawa suke yin kuskuren da ya fi ba ni haushi, su tsaya gindin bishiyar su waiga su ce ina Fujin, su ɗauki hoto biyu su juya. Bishiyoyin ne suka kare maka shi mana. Sauka kan yashi ka fuskanci teku ka yi hagu, ka ci gaba da tafiya wajen wani ɓangaren gaɓar da ake kira Kamagasaki, a hankali za ka ga dutsen yana fitowa ta ƙarshen layin bishiyoyin. Za ka ci karo da tarin manyan kankare a bakin ruwa, kar ranka ya ɓaci, an zuba su ne don teku tana cin gaɓar tun bayan da aka kwashi tsakuwa da yawa daga kogin Abe wanda shi ke kawo wa wurin yashi, ka ƙara gaba kaɗan za ka samu inda ba za su shiga hotonka ba. Kuma ka sa takalmi sau-ciki, ƙasan tsakuwa ce da duwatsu masu zamewa, silifas wahala zai ba ka, ga iskar teku a hunturu tana ratsa riga.

Kar ka ce za ka yi iyo a wannan ɓangaren. Mashigin tekun Suruga, wato ruwan da ke gabanka, shi ne mashigin teku mafi zurfi a Japan, ya kai mita 2,500, gaɓar tana gangarawa da sauri kuma igiyar ruwan da ƙarfinta, ku riƙe hannun yara. Ka kuma lura da allunan da ke nuna inda ake gudu in an yi gargaɗin tsunami.

Sai maganar saiwoyi, wadda nake roƙon kowa a kai. Inda aka kewaye da igiya ko katako kar ka tsallaka don hoto, kar ka hau reshe, kar ka zauna kan saiwa. Yawan takawa yana danne ƙasa har saiwar ta kasa shan ruwa da iska, ga wata cuta da ƙwaro ke yaɗawa tana busar da irin waɗannan bishiyoyi, mutanen garin da ƴan sa-kai suna fitowa su share busasshen ganye don su raya su. Kwandon shara ba shi da yawa a Japan, ka taho da leda ka koma da shararka. In hadari ya rufe dutsen duk da haka, ka shiga cibiyar baƙi ta Miho Shirube da ke kusa da bishiyar Hagoromo, an buɗe shi a 2019, shiga kyauta ne kuma akwai bayanin tarihin wurin da yadda ake kula da bishiyoyin, ka ɗan jira a ciki ko sararin zai washe.