Darasi na 7: Motsa Jiki Daga Ƙuruciya Zuwa Tsufa

A da, manomi ba ya bukatar a ce masa ya motsa jiki, domin huɗa da noma da tafiya cin kasuwa a ƙasa sun ishe shi, matarsa kuma kafin hantsi ya dubi ludayi ta ja guga a rijiya, ta yi surfe, ta yi daka. Yanzu injin niƙa ya karɓi aikin turmi da taɓarya, babur da adaidaita-sahu sun karɓi aikin ƙafa, har ta kai wani yana hawa babur zuwa masallacin da yake jin kiran sallarsa daga tsakar gida. Sauƙi ya samu, amma jikin da ke wuni a zaune yana tara kitse, kuma hawan jini da ciwon suga sun fi saurin kama shi. Saboda haka motsin da a da yake zuwa tare da aikin yau da kullum, yanzu sai an ware masa lokaci.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin motsa jiki na kowane rukunin shekaru. Wanda yake tsakanin shekara 18 da 64 yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici. Lissafin ba shi da wuya: minti 30 sau kwana 5 ya ba da 150, kuma wanda ba zai iya yin minti 30 a jere ba yana iya raba shi, 15 bayan sallar asuba, 15 bayan la'asar. Motsi matsakaici shi ne tafiya da sauri ko tuƙa keke, har numfashi ya ƙaru, gumi ya fara tsattsafowa. Ga yadda za ku gane shi: idan kuna iya yi wa abokin tafiya magana amma ba za ku iya rera waƙa ba, kun kai ma'aunin. Ana kuma son a yi aikin da ke ƙarfafa damtse da cinya da baya aƙalla kwana 2 a mako.

Yara daga shekara 5 zuwa 17 suna bukatar kimanin minti 60 kowace rana, kuma wasanninmu na dandali sun wadatar. Yaron da ke langa yana riƙe da ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗayar, yana koyon tsayuwa da ƙarfin cinya ba tare da an kashe ko sisi ba. Haka ƙwallo, da gaɗa, da 'yar gala-gala, da kokawa, wadda a Jamhuriyar Nijar ake gasar takobinta ta ƙasa tun 1975. A nan ya kamata iyaye su lura da 'ya'ya mata, domin da zarar yarinya ta fara tasawa akan hana ta wasa, alhali a wannan lokacin ne ƙashinta yake ginuwa.

Matar da ba ta cika fita ba tana iya zagaya tsakar gida da sauri, ko ta yi tsallen igiya idan gwiwarta lafiya lau take. Mai juna biyu ma ana so ta riƙa tafiya, muddin ma'aikaciyar asibitin da take awo ba ta hana ta ba.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne wajen tsofaffi. Don girmamawa, mukan ce, "Baba, zauna ka huta, yara za su yi," sai dattijo ya wuni a kan tabarma, cinyarsa ta saki, ranar da ya yi tuntuɓe a bakin ƙofar banɗaki ya faɗi ya karye a ƙugu, wataƙila kuma daga nan ba zai sake takawa ba. Shi ya sa aka ce wanda ya kai shekara 65 ya ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana 3 a mako. A jingina kujera mai ƙarfi da bango don kada ta zame, dattijo ya zauna a bakinta, ya kafa tafin ƙafafunsa a ƙasa, ya miƙe a hankali, ya sake zama a hankali, sau 5 da farko, daga baya a ƙara. Bayan haka ya dafa bango da hannu ɗaya, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ƙirga zuwa 10, sannan ya canza ƙafa, wani na tsaye kusa da shi.

Lokacin bazara a guji tsakar rana, a sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo, a watan azumi kuma a bari sai an sha ruwa an ɗan huta. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashinsa yana sarƙewa, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ya fara neman shawarar likita.

Aikin gida: ku ja layi 7 a littafinku, ku rubuta sunayen ranakun mako, a gaban kowace rana ku sa mintin da kuka yi kuna tafiya da sauri. Ranar darasi na gaba ku haɗa jimla, mu ga minti nawa ya rage wa kowa ya kai 150.