Yadda za ka ƙayyade asararka kafin ka sayi hannun jari ko ofshin

Yawancin 'yan uwanmu da ke shiga cinikin hannun jari na gajeren zango a nan Legas, daga 'yan canji na Broad Street zuwa 'yan kasuwar Agege da Mile 12, tambayarsu ta farko ita ce wane kamfani ne zai tashi. Babu wanda ya san wannan tabbas. Abin da ke hannunka shi ne nawa za ka rasa idan lissafinka bai yi daidai ba, kuma tun kafin ka danna saye ake yanke shi.

Ka fara da ware kuɗin. Kada kuɗin haya, na makaranta, jarin shago ko amanar wani ya shiga ciki, haka ma bashi. A Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato lambar da ke nuna tashi da faɗuwar kasuwar baki ɗaya, ya haura 66,000, cikin shekara guda ya faɗo kusan 20,000. Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu saye da rancen banki: hannun jarin ya narke, bashin yana nan. Sannan ka tabbatar dillalinka na da rajista da hukumar SEC mai kula da harkar hannun jari, kuma hannun jarin da ka saya a NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, yana cikin asusu mai sunanka a CSCS, kamfanin da ke ajiyar hannun jari.

Yanzu lissafin da ya fi komai muhimmanci. A ce jarinka naira miliyan ɗaya ne. Ka ƙayyade cewa ba za ka rasa fiye da kashi 1 cikin 100 a ciniki guda ba, wato N10,000. Kana son sayen hannun jari a N50, kuma ka duba ka ga idan ya sauka N46 to dalilinka na saye ya rushe, can za ka fita. Kasadarka N4 ke nan a kowane hannun jari. Amma akwai caji: kamashon dillali, kuɗin SEC, na NGX, na CSCS, kuɗin hatimi da harajin VAT. Idan dillali na karɓar cikakken kamasho, shiga da fita kan ci kusan kashi 4 cikin 100, wato wajen N2 a kan N50. Kasadar gaskiya ta zama N6. Raba N10,000 da 6, ka samu 1,666. Ka sayi 1,600, kuɗinsu N80,000. Ba ka tashi daga yawan kuɗin da ke asusunka ba, ka tashi ne daga asarar da ka yarda ka ɗauka.

Cajin nan shi ke kashe masu saye da safe su sayar da rana a NGX. Hannun jari ya tashi da kashi 3, mutum na murna, alhali bai ma fanshi cajinsa ba. Ka karɓi takardar ciniki daga dillalinka ka karanta ta layi-layi, domin kamashon ya bambanta daga dillali zuwa dillali.

Akwai inda farashin fita ke cin amanar mutum, kuma ya kamata a tsaya a kansa. A NGX hannun jari ba ya tashi ko faɗuwa fiye da kashi 10 cikin 100 a rana. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin kariya. A ranar mummunan labari masu sayarwa kan yi layi a farashin ƙasa babu mai saye ko ɗaya, odarka ta wuni ba a taɓa ta ba. Daga N50 zuwa N45, gobe N40.50, jibi N36.45. A kan 1,600 ɗin nan asararka ta haura N21,000 tun ba a sa caji ba, ninki biyu na abin da ka tsara. Maganinsa biyu ne. Kada kamfani guda ya ɗauki fiye da kashi 10 na jarinka, ko da lissafin farko ya ba ka damar fiye da haka. Kuma ka duba yawan hannun jarin da ake cinikinsa kullum na tsawon wata guda. Inda wasu ranakun ba a yin ciniki sam, shiga na da sauƙi, fita ce wahala. Ka riƙa sa oda mai ƙayyadadden farashi, kada ka ce a saya maka a duk yadda aka samu.

Idan farashi ya kai inda ka rubuta, ka fita. Ƙara saye don a rage matsakaicin farashi, a cinikin gajeren zango, ƙara girman kuskure ne. Wanda ya rasa kashi 10 yana buƙatar kashi 11 ya dawo daidai. Wanda ya rasa rabi sai ya ninka abin da ya rage.

Shi kuwa ofshin, haƙƙi ne kake saya na sayen hannun jari ko sayar da shi a wani farashi kafin wata rana. Kasuwar kwantiragin gaba (yarjejeniyar saye ko sayarwa a wata rana nan gaba) da NGX ta buɗe a 2022 da ma'aunan kasuwa ta fara, ba da ofshin ba, don haka masu ofshin a Legas galibi kasuwar Amurka suke shiga, da dala. Can kwantiragi ɗaya hannun jari 100 ne. Idan ka ga farashi dala 1.50, dala 150 za ka biya. A ƙaddara dala na N1,500, N225,000 ke nan, kuma duka na iya tafiya. Bisa ƙa'idar kashi 1, sai mai jarin naira miliyan 22.5 ne ya dace ya sayi kwantiragi ɗaya tak irin wannan. Mai miliyan ɗaya da ya saya ya jefa fiye da kashi 22 na jarinsa a ciniki guda.

Ga abin da sababbin shiga ba sa ganewa. Hannun jari na dala 100, ka sayi haƙƙin saye a 105 kan dala 1.50. Sai farashi ya wuce 106.50 ranar ƙarewar wa'adi kafin ka ga riba. Idan ya tsaya 104, hasashenka ya yi daidai cewa zai tashi, amma kuɗinka ya ƙone ƙurmus. Ofshin kamar kwandon tumatir ne a Mile 12: ko farashin kasuwa bai motsa ba, kowace rana darajarsa na raguwa, kuma raguwar ta fi sauri a kwanakin ƙarshe. Shi ya sa na mako guda, masu araha a ido, suka fi cinye kuɗi. Kafin kamfani ya fitar da rahoton ribarsa ofshin kan yi tsada saboda ana jiran motsi, da rahoto ya fito tsadar ta zube, har mai hasashe daidai ya tashi da asara. Ka duba tazarar farashin saye da na sayarwa ma: 1.60 da 1.40 na nufin ka rasa dala 20 daga shigarka.

Abubuwa biyu ka kiyaye. Kada ka sayar wa wani haƙƙin saye alhali ba ka mallaki hannun jarin ba, domin asarar wannan ba ta da iyaka. Kuma kada ka bar ofshin ya kai ƙarshen wa'adi ba ka rufe ba. Idan ya ƙare sama da 105 ko da santi ɗaya ne, a ƙa'ida ana zartar da shi kai tsaye, ka wayi gari ana neman dala 10,500 a asusunka. Kasuwar New York na buɗewa 2:30 na rana agogon Legas, ko 3:30 a lokacin hunturunsu, ta rufe 9 ko 10 na dare. Wanda ke cikin cunkoson gadar Third Mainland da waya mai ƙarancin caji ba shi da halin riƙe ofshin mai ƙarewa a ranar.

Ga Musulmi akwai tambayar da ta riga duk wannan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1992 cewa kwantiragin ofshin yadda ake yinsa a kasuwanni bai halatta ba, rancen dillali kuwa ruwa ake ɗora masa. Ka tambayi malamin da ya san fiƙihun ciniki. A ɓangaren hannun jari, ma'aunin NGX Lotus Islamic na nuna kamfanonin da aka tace bisa shari'a.

To, nawa ya kamata mutum ya sa rai? Ɗauki mai ciniki nagari da ke cin 4 cikin 10, ribarsa ninki biyu na asararsa. Idan kowace asara N10,000 ce, riba N80,000, asara N60,000, saura N20,000, kashi 2 na miliyan ɗaya a ciniki goma. Kuma a tsarin nan faɗuwa biyar a jere abu ne da zai zo, ba alamar an yi maka asiri ba ce. Hukumar kasuwar hannun jari ta Indiya ta fitar a 2024 cewa kashi 93 na ɗaiɗaikun masu cinikin ofshin da kwantiragin gaba asara suka yi cikin shekara uku. Don haka idan wani a WhatsApp ko Telegram ya yi maka alkawarin kashi 10 duk mako, ɗauki kalkuleta: miliyan ɗaya zai zama kusan miliyan 142 a shekara. Mai iya wannan ba ya neman kuɗin rajistarka. MMM a 2016 da CBEX a 2025 da alkawarin riba mai yawa cikin ɗan lokaci suka tara jama'a.

Ka sa wa kanka birki a rubuce. Asarar kashi 3 a mako, ka rufe manhaja sai Litinin. Kashi 6 a wata, ka dakata sai sabon wata, ka dawo da rabin girman cinikinka. Kowane ciniki ka rubuta ranarsa, dalilin shiga, farashin shiga, na fita, caji, da ko ka bi tsarinka. Ciniki 30 na farko ka yi su a takarda ko da kuɗi kaɗan. Bayan nan ka haɗa lissafi da naira, ka cire caji da kuɗin canji, ka gwada sakamakon da abin da ma'aunin kasuwa ya bayar a daidai lokacin. Idan bai kai ba, kada ka ƙara jari. Ka mayar da mafi yawan kuɗin zuwa riƙo na dogon zango, ka ci gaba da gwaji da ɗan abin da ya rage.