Yadda za ka gane ko ganyen shayi zai yi a gonarka

A garin Tawa na Nijar da wuya ka wuce majalisa da yamma ba ka ga buta a kan gawayi ba, amma ganyen da ake dafawa ba a ƙasarmu ake nomansa ba, yawancinsa daga Sin yake zuwa. Mai sha'awar dasa shi a garkarsa ya fara duba abubuwa uku kafin ya kashe ko dala.

Na farko shi ne ruwan sama. Itacen shayi yana bukatar aƙalla milimita 1,200 a shekara, kuma a rarrabe cikin watanni da yawa, alhali abin da Tawa ke samu bai kai milimita 500 ba a yawancin shekaru, shi ma daga Yuni zuwa Satumba. Wani zai ce ai akwai rijiya. Ban-ruwa yana jiƙa saiwa ne kawai, ba ya mayar wa iska damshin da hunturu ya kwashe, kuma toho mai laushi da ake tsinka shi ne farkon abin da busasshiyar iska ke ƙonawa.

Na biyu zafi ne. Shayi ya fi jin daɗi ƙasa da digiri 30, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Shi ya sa a Afirka ake nomansa a kan tuddai masu hazo, irin su Kericho a Kenya da tsaunin Mambila a jihar Taraba ta Najeriya.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, ƙasa ce. Shayi yana son ƙasa mai tsami wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Ɗebi busasshiyar ƙasar gonarka a faranti ka ɗiga mata binegar. Idan ta yi kumfa tana ɗan sauti, akwai farar ƙasa a ciki, kuma shayi ba ya jure ta. A Adar, yankin da Tawa take ciki, wannan ba abin mamaki ba ne, tunda dutsen farar ƙasa ne ake haƙa a Malbaza ana yin siminti.

A ganina, wanda gonarsa ta faɗi waɗannan gwaje-gwaje ya koma ga na'ana'a, abokiyar tafiyar shayi. Ka yanko reshe mai tsawon yatsa, ka dasa shi a tukunya ko tsohon bokiti mai huda a gindi, cikin ƙasa da taki ruɓaɓɓe, ka ajiye inda ranar la'asar ba ta dukansa, kana shayar da shi safe da yamma. A lokacin sanyi ya fi saurin kamawa.