Yadda Ake Mayar wa Yaro Madarar Shanu Bayan Jikinsa Ya Ƙi Ta

Yawancin jariran da jikinsu ba ya jituwa da furotin ɗin madarar shanu suna rabuwa da matsalar kafin su kai shekara biyar, wasu ma tun suna shekara ɗaya ko biyu. Sai dai babu ranar da za a wayi gari a miƙa wa yaro kofin madara. Ana hawa ne kaɗan-kaɗan, ta hanyar da likitoci ke kira tsanin madara.

Kafin komai, ku san wane iri ne na yaronku. Akwai mai saurin tashi: cikin mintuna zuwa awa 2 za a ga borin jini, kumburin leɓe ko ido, amai, wani lokaci numfashi ya sarƙe. Akwai kuma mai jinkiri, wanda kan bayyana daga awa 2 har zuwa kwana 3, da gudawa, majina ko ɗigon jini a kashi, yawan kumallo, ciwon ciki, ko ƙurajen fata masu ƙaiƙayi su ƙaru. Gwajin gida na mai jinkiri ne, wanda bai yi tsanani ba, shi ma sai da izinin likita. Yaron da ya taɓa sarƙewa, ko yake da asma da ba ta lafa ba, ko wanda ya taɓa yin amai babu ƙaƙƙautawa har ya yi laushi bayan shan madara, a asibiti kawai ake gwada shi.

Ana farawa bayan yaro ya yi aƙalla wata 6 ba ya taɓa madara, kuma ya kai wata 9 zuwa 12. A zaɓi lokacin da yake garau, ba mura, ba zazzaɓi, ba gudawar haƙori. In ba haka ba, za a rasa gane ko madarar ce ko ciwon ne.

Dalilin fara da gasasshen abu shi ne zafi yana sauya siffar wasu furotin ɗin, fulawa kuma tana riƙe su. Wani bincike da aka yi a New York a 2008 ya nuna kusan kashi 75 cikin 100 na yaran da aka gwada sun iya cin madarar da aka gasa cikin kek. Amma fa tafasa madara a tukunya ba gashi ba ce. Kasin, ɗaya daga cikin furotin ɗin madara, yana jure zafi, don haka shayin madara, komai tafasarsa, yana can saman tsani. A nan iyaye da yawa ke tuntuɓe.

Tsanin madara na iMAP, wato jagorar likitoci da aka fitar a Birtaniya a 2017, hawa shida ne. Na farko biskit mai ɗan madara da aka gasa sosai: a fara da ɗan gutsure, a kai guda ɗaya, har uku. Na biyu ƙaramin kek da aka gasa a tanderu kan zafin digiri 180 na Celsius har tsakiyarsa ta bushe. Rabi tukuna, sannan guda. Ku raba shi ku duba, idan cikin yana danƙo bai gasu ba. Na uku fankek, wanda bai daɗe a wuta ba. Sai cuku kamar giram 15, sai yogot har mililita 125, daga ƙarshe madarar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, a fara da mililita 100 gauraye da madarar da ya saba sha a madadin ta shanu, a kai 200.

Kindirmo da nonon fura matsayinsu ɗaya da yogot, kuma a tabbata an dafa madarar kafin a kafa. Man shanu ma yana da ragowar furotin, kada kaka ta zuba a miyar yaro da cewa ai mai ne kawai.

A ba shi da safe, domin a samu yini guda ana kallonsa. Sabon abu ɗaya tak a rana, kuma kada a ba shi maganin ƙaiƙayi kafin gwaji, yana rufe alamun. Kowane hawa a zauna a kai kwana uku zuwa mako ɗaya, ana rubuta abin da ya ci, yawansa, da yadda kashinsa da fatarsa suka kasance. Abin da ya karɓu a ci gaba da ba shi a kai a kai. Idan alamun jinkiri suka dawo, a sauko hawan da ya karɓa a tsaya nan, a sake gwadawa bayan wasu makonni gwargwadon shawarar likita. Idan kuwa aka ga kumburin harshe, tari mai shaƙewa, numfashi da fito, ko yaro ya yi laƙwas, a garzaya asibiti nan take. Allurar adirenalin ce maganinsa.

Madarar akuya da ta tumaki ba mafita ba ce, furotin ɗinsu ya yi kama da na shanu ƙwarai. Madarar da aka cire wa sukarin laktos ma tana nan da furotin ɗinta cif. Uwa ta ci gaba da shayarwa, a kuma riƙa sa wa yaro zogale, kuka, riɗi da ƙananan kifi da aka daka da ƙashinsu, saboda sinadarin kalsiyam da yake rasawa.