In kana son zuwa koyarwa ta sa kai a makarantar mishan a arewacin Kamaru

Duk shekara wajen watan Yuli sai saƙonni su fara shigo min a WhatsApp daga 'yan'uwa na Jos da Yola da Kaduna, wai Malam muna so mu zo aikin Ubangiji a Kamaru ya ake yi. Na gaji da maimaita amsa ɗaya, toh bari in rubuta ta gaba ɗaya kowa ya karanta. Ni na yi shekara 2 ina koyar da turanci a wata makarantar mishan a ƙauye kusa da Garwa, kuma har yau ina nan yankin.

Kar ka ɗauko jaka ka taho haka kawai. A nan ba a karɓar mutum don ya ce yana da kira, sai da wasiƙa daga faston ekklisiyarka zuwa ga shugabannin ekklisiyar da ke riƙe da makarantar, su kuma su amsa a rubuce. 'Yan Lutheran na EELC hedkwatarsu tana Ngaundare, inda mishan ɗin Amurka da na Norwe suka kafa aiki tun 1923 da 1925, sai EFLC, wata ekklisiyar Lutheran ɗin, da ke da ƙarfi a wajen Garwa da Kaele da Yagwa, sai Katolika waɗanda fadan ƙungiyar mishan ta OMI suka buɗe musu arewa a 1946. Kowannensu da tsarinsa. Ka tambaya tun kafin ka taso: ina zan kwana, wa zai ciyar da ni, akwai ɗan alawus ko babu, in na kwanta ciwo wa zai biya asibiti. Ba rashin bangaskiya ba ne ka tambayi wannan, ni kunya ta hana ni, wata na farko da kuɗin aljihuna na ci abinci har suka ƙare ƙaf.

Takardu kuwa fasfo da katin rigakafin shawara, wannan katin ruwan ɗorawa, jandarma a hanya shi suke fara nema. In zamanka zai wuce wata 3 ka sa mishan ta taimaka maka da takardar zama. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, kuma sefar nan daban take da ta Nijar, kar ka canzo ta can ka zo kana gardama da mai shago. Daga Yola ana shigowa ta Gashiga a faɗo Garwa, daga Mubi kuma ta Sahuda da Bukula zuwa Gidar. Ka iso kafin ƙarshen Agusta don farkon Satumba ake buɗe makarantu, a rufe a Yuni.

Yanzu abin da ya fi komai, wanda in ka tsallake sauran ka karanta wannan: yare. Kowa zai ce maka ka koyi faransanci, gaskiya ne, da shi ake koyarwa, da shi direkta zai yi taron malamai, da shi za ka cike takardun sakamako. Amma yaran da za ka tarar a aji, musamman ƙanana 'yan SIL da CP, wato aji ɗaya da aji biyu na firamare, yawancinsu ba su jin faransancin kansa balle turancin da ka zo da shi. A gida wani Fali yake ji, wani Tupuri, wani Mundang, wani Giziga ko Mafa, abin da ya haɗa su a filin wasa shi ne fillanci. Hausa za ta fishe ka a kasuwa da wurin mahauta da masu shayi, a aji kuwa yaro 3 ko 4 ne za su gane ka. Ni sati 2 na yi ina ihu a gaban allo yara suna kallona kamar rediyo, sai wata tsohuwar malama ta ja ni gefe ta ce ɗana kana wahalar da maƙogwaronka a banza, ta rubuta min kalmomi a bayan littafi. Jooɗee, wato ku zauna. Waree, ku zo. On nani na, kun ji? Useko, na gode. Ranar da na fara cewa on nani na ajin gaba ɗaya ya fashe da dariya suka amsa da fillanci min nani, wato mun ji, daga ranar aka fara karatu na gaske. Ka nemi littafi ƙarami ka riƙa rubuta kalma 5 kullum, ka sa yaran su gyara maka lafazi, ba abin da ke musu daɗi kamar su ga malam ya yi kuskure.

Ranarka kusan iri ɗaya ce kullum. Ka tashi da asuba ka ɗebo ruwa kafin layi ya yi tsawo a famfo, addu'ar safe da malamai, ƙarfe 7:30 an shiga aji, ran Litinin akwai ɗaga tuta da taken ƙasa. Laraba rabin rana ce. Da la'asar gyaran littattafai, kuma ka yi shi tun da sauran haske don wutar da ke zuwa daga dam ɗin Lagdo ba ta da alkawari, ƙauyuka da yawa ma ba ta kai ba, fitila mai sola da abin cajin waya su ne kayan da ban yi da-na-sanin sayensu ba. Maki a nan bisa 20 ake bayarwa ba bisa 100 ba, 10 shi ne tsallakewa, in ka rubuta wa yaro 65 a littafi uwarsa za ta zo tambaya. Ajujuwan firamare 6 ne, SIL, CP, CE1, CE2, CM1, CM2, 'yan CM2 su ke zana CEP, wato jarabawar gama firamare, da jarabawar shiga sakandare, in aka ba ka su toh ka manta da hutun Asabar daga watan Maris. Ka kuma sani daga ƙarshen Janairu rabin hankalin makaranta yana kan atisayen fareti na 11 ga Fabrairu ranar matasa, haka kuma kafin 20 ga Mayu ranar bikin ƙasa, ka tsara darussanka da sanin haka.

Bulala ka ajiye ta. Dokar ilimi ta 1998 ta hana duka a makaranta, ko ka ga wani malami yana yi, shi ɗan gida ne kai baƙo ne, ranar da magana ta tashi kai za a fara nunawa. Alli da kanka za ka riƙa ɓoye shi a aljihu. Littafin karatu kuwa kar ka sa rai kowa na da shi, rubutu a allo yara su kwafa shi ne aikin, don haka ka gyara hannunka.

Yara musulmi suna da yawa a makarantun mishan na nan, wasu da asuba sun je makarantar allo kafin su zo maka. Iyayensu amana suka kawo don sun ga ana karatu, ba don a sauya musu 'ya'ya ba. Akwai lokacin addu'a da na darasin addini da makaranta ta tsara, kowa ya san da shi, ka tsaya a nan, kar ka mai da darasin turanci wa'azi. Na ga wani ɗan'uwa mai zafin himma da ya yi haka, cikin sati guda aka cire yara da dama, fasto da kansa ya bi gida gida yana ba da haƙuri. Da azumi ka sassauta musu bayan azahar, da sallah ka je barka da sallah, za a cika ka da nama. Satinka na farko ka sa a raka ka gaida jauro ko lawan na garin, wato mai gari, ka cire takalmi a ƙofa, ka riƙe goro.

Zafi. Maris da Afrilu a Garwa da Marwa ya kan haura 40, rufin kwano kuma sai ya zama tanda, darasi mai nauyi ka yi shi kafin ƙarfe 10. Wanda aka tura Ngaundare shi ya ci riba, can kan tudu ne har bargo sai ya nema. Gidan sauro dole, zazzaɓi in ya fara ka je a gwada jini ranar, kar ka ce bari in gama sati. Ruwan rijiya ka tafasa ko ka tace. Abinci ba zai ba ka wahala ba, tuwon dawa ne da miyar yakuwa da suke kira folere, da kuka da tafasa, ga kifin Binuwai. In mai shago ya ce booro yana nufin sefa 1,000. Bilbil burkutu ce, a kasuwar ƙauye za a miƙo maka ƙwarya, ka ce useko ka wuce, malamin mishan kowa na ganinsa.

Maganar tsaro ba wasa. A Nuwamban 2013 an sace wani fada Bafaranshe a kusa da iyaka, a Afrilun 2014 kuma aka ɗauke fada 2 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a arewa da Marwa, duk an sako su daga baya. Yankin Mora da Kolofata da duwatsun bayan Mokolo kar ka je yawon ganin gari sai da izinin shugabanninka, kuma ba tafiyar dare.

Lahadi za su ce ka riƙe makarantar Lahadi, ka shiga kwaya ta mawaƙan coci, ka koya wa matasa turanci da yamma, ka taimaki ma'aji da lissafi, duk a wata na farko. Ka zaɓi guda ɗaya. Kuma in ka san Kirsimeti za ka tafi gida ba za ka dawo ba ka faɗa tun yanzu a ba wani ajin, don wanda na gada haka ya yi, ya tafi hutu a Disamba, 'yan CM2 suka zauna ba malamin turanci har aka shiga jarabawa.