Yadda Ake Gane Tsiron da Ya Fito da Kansa a Lambu, da Inda Ake Samun Itacen Shinge a Sakkwato

Da zarar ruwa ya zauna a watan Yuli, mai lambu a Kwalkwalawa ko mai fili a Wamakko zai ga tsirrai iri-iri sun fito a inda bai shuka komai ba. Kafin ya sa fartanya, ya kamata ya san abin da yake shirin nomewa, domin a cikinsu akwai ganyen miya, akwai guba, akwai kuma wanda zai iya zame masa shinge ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Abu na farko shi ne a bar tsiro ɗaya ko biyu su girma har su yi fure, saboda ganye kaɗai yana yawan ruɗar mutum. Tafasa da rai ɗore misali ne da kowa zai iya gwadawa a bayan gidansa. Dukansu furensu rawaya ne, kuma sukan fito wuri ɗaya a kan juji, amma ƙananan ganyen tafasa guda shida ne, biyu-biyu suna fuskantar juna, bakinsu a zagaye, kwanson 'ya'yanta kuma siriri ne dogo mai lanƙwasa. Ganyen rai ɗore yana da tsini, ya fi yawa a kan kara ɗaya, yana wari idan aka murza shi, kwansonsa kuma yana da faɗi. Haka ake bin kowane tsiro: a dubi yadda ganyen ya jeru, a murza a shinshina, a karya reshe a ga ko ruwa ne zai fito ko farin nono. Tumfafiya da aguwa da nonon kurciya duk suna fitar da wannan nono, kuma wajibi ne a kiyaye ido daga gare shi. Ɗanɗanawa kuwa ba hanyar ganewa ba ce. Zaƙami, mai farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya, ya isa ya gusar da hankalin yaro.

Idan an duba an kasa, sai a yanki reshe mai ɗauke da ganye da fure da 'ya'ya, a kai wa waɗanda suka sani. A ganina babu wanda ya kai makiyayi da matan da ke tsinkar yaɗiya da lalo sanin tsirran daji, domin makiyayi zai faɗa maka har wanda yake kumbura wa dabba ciki. A tambayi mutum biyu ko uku, tun da suna yakan bambanta tsakanin gari da gari. Manhajojin waya irin su PlantNet da Google Lens suna taimakawa idan hoton furen ya fito sosai, sai dai sukan yi kuskure a kan tsirran yankinmu, don haka abin da suka faɗa a ɗauke shi a matsayin zato. Wanda yake son tabbaci sai ya shimfiɗa reshen tsakanin takardun jarida, ya danne da abu mai nauyi har ya bushe, ya rubuta wuri da watan da ya tsinke shi, ya kai wa malaman ilimin tsirrai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Wannan sanin shi ne yake sauƙaƙa maganar shinge, domin itacen da ya fi dacewa da filinka yawanci yana nan tsaye a gefen gonar maƙwabcinka, ya riga ya jure zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ya kuma jure awaki. A jigawa da tudu, aguwa ce kan gaba. Dabbobi ba su cika cin ta ba, kuma ba a buƙatar iri: a roƙi mai ita izinin saran rassa masu tsawon kamu biyu, a ajiye su a inuwa 'yan kwanaki har nonon ya bushe, sannan a kafa su kusa da juna a ƙarshen bazara, kafin ruwan farko. Wanda ya jira sai ƙasa ta jiƙe sharkaf zai ga rassan sun ruɓe. Itacen dashi ma da reshe ake kafa shi. Bini da zugu yana kamawa da sauri, amma 'ya'yansa guba ne kuma yara suna sha'awarsu, saboda haka ban ga dacewarsa kusa da gida ba. Itacen lalle ya fi shi dacewa da lambun gida inda ake ban ruwa, ga shi kuma ana sayar da ganyensa. Zogale kuwa, duk da amfaninsa, gayyatar awaki ne idan aka sa shi a waje.

Mai son shinge mai ƙaya, kamar magarya ko bagaruwa, zai nemi dashe na cikin leda a gandun renon itatuwa na sashen gandun daji, ko wajen masu sayar da dashe a bakin titunan cikin gari. A juya ledar a dubi ƙasanta. Idan saiwar ta huda ta shiga ƙasa ko ta nannaɗe a ciki, dashen ya daɗe, kuma da wuya ya yi ƙarfi. Ana iya reno a gida ma: a jiƙa irin bagaruwa a ruwan zafi ya kwana, a fasa ƙwallon magarya a ciro ƙwayar, a shuka a leda tun watan Afrilu. Ana dasawa a Yuli, layi biyu, tazarar rabin mita tsakanin dashe da dashe, kowane dashen layi na biyu yana toshe ratar na farko, sannan a kewaye su da busasshiyar ƙaya har su wuce bakin akuya.

Kafin a haƙa rami ko ɗaya, a kira maƙwabci, in da hali har da mai unguwa, a tabbatar da iyaka, a ja shingen ɗan taku zuwa cikin filinka domin zai yi faɗi idan ya girma, kuma kada a matse burtali.