Zagayen keke a bakin kogin Tamburawa ga mai koyo

Wanda ya sayi keken hawan dutse a Kano, mai giya da faffaɗar taya, bai kamata ya fara da kan tsauni ba. Bakin kogi ya fi masa, domin ƙasar a shimfiɗe take, ba hawa mai sa haki, ba gangare mai tsoratarwa. Idan ka bi titin Zariya ka kai gadar Tamburawa, a yankin da kogin Kano da na Challawa suke haɗuwa, za ka tarar da ƙananan hanyoyi na 'yan lambu da masu babur sun bi gefen ruwa. A cikinsu za ka haɗa zagayenka.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a fita bayan gari ya waye sosai a dawo kafin ƙarfe 10. A bazara zafi yana haura digiri 40, a damina kuma taɓo yana cika tsakanin taya da birki har keken ya ƙi tafiya.

Kilomita 6 zuwa 8 sun ishi mai koyo, wato tafiyar minti 45 zuwa awa ɗaya. Ka bar titi, ka gaida mutanen wurin, ka tambaye su hanyar da babur ke bi a saman gaɓa. Ita za ka bi kilomita 3 ko 4, sannan ka karya ta hanyar ƙauye ka dawo inda ka tashi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka ka fara da ɓangaren da take dukan fuskarka tun kana da ƙarfi, a dawowa ta tura ka. Zuwan farko kada ka tafi kai kaɗai.

Tun a gida ka daidaita sirdi: ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak. Idan sirdi ya yi ƙasa gwiwa za ta yi ciwo kafin rabin hanya. Ka matsa birki ɗaya bayan ɗaya, ka san wane hannu ne na gaba, saboda kekunan gwanjo ba tsari ɗaya suke zuwa da shi ba. Iskar taya kuma a nan masu koyo suka fi kuskure. Mai faci yakan cika taya ta yi tauri don kwalta, amma a kan ƙasa irin wannan tayar tsalle take yi, ta nutse a yashi. Ga taya mai faɗin inci 2 ko fiye, PSI 28 zuwa 32 a ma'aunin iskar taya ya isa mutum matsakaicin nauyi. In ba ma'auni, ka danna da babban yatsa, ta ɗan lotsa kaɗan. Idan ta yi laushi fiye da haka, gefen ƙarfen da taya ke zaune a kai zai cije cub, wato robar ciki mai riƙe iska, a kan dutse, ka ga huda biyu a jere kamar saran maciji.

Yashi shi ne babban darasin wannan hanya. Kana tafiya a ƙasa mai tauri sai ka ga fili fari ya tare gabanka, tsawon taku goma ko ashirin. Kafin ka shiga ka sauya zuwa giya mai sauƙi, domin sauyawa a tsakiya, ƙafa na danna feda da ƙarfi, ita ke tsinka sarƙa. Ka ja jikinka baya a kan sirdi don tayar gaba ta yi sauƙi, ka sassauta riƙon kan keken, ka ci gaba da juya feda ba tsayawa. Idonka ya kasance a ƙarshen yashin, ba a kan taya ba. Kada ka taɓa birkin gaba, kada kuma ka murɗa kan da ƙarfi, domin tayar za ta tono yashi ta tsaya cak, kai kuma ka wuce ta sama. Idan keken ya tsaya, ka sauka ka tura, haka kowa ya koya. Hular kwano dole ce ko a yashi.

Cikin kogin kansa ba hanyar keke ba ce ko da ya janye. Masu ɗibar yashi suna barin ramuka masu zurfi, kuma ruwan ba ruwan sama kaɗai yake bi ba: madatsar Tiga ta 1974 tana kan kogin Kano, ta Challawa da ke Ƙaraye ta 1992 tana kan ɗayan, kuma idan aka saki ruwa yana iya ƙaruwa da rani tsaka. Kada ka sha, kada ka shiga wanka, saboda tsargiya da kuma dagwalon masana'antu da ke gangarowa. Ka riƙo naka, lita ɗaya da rabi, wato leda uku ta fiya wata.

Hanyar ta masu lambu ce kafin ta zama taka. Za ka ga tiyo ya gitta hanya daga injin ban ruwa zuwa fangalin tumatir ko albasa. Ka sauka ka ɗaga keken ka tsallake, domin tiyon da ya fashe asarar yinin mutum ce. Garken shanu ka tsaya ya wuce. Tifar yashi kuwa ka kauce mata tun daga nesa, direban ba ya ganinka a cikin ƙura.

Sai ƙaya. Tsaidau da ƙayar bagaruwa suna zube a gefen hanya, shi ya sa tsakiyar sawun babur ya fi aminci. Ka tafi da cub guda na ajiya, ƙaramin famfo, faci da sholisho, da sifanar da ta dace da kusoshin tayarka. In ta yi faci, kafin ka sa sabon cub ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali har ka cire ƙayar, in ba haka ba za ta sake huda shi nan take.

Da ka dawo ka goge sarƙa da busasshen tsumma, ka ɗiga man keke kaɗan a kowace gaɓa, ka sake gogewa. Baƙin man inji yana kama ƙura ya zama kwaɓi mai cinye haƙoran giya. Idan ka ji ƙarar gurza a birki, yashi ne ya maƙale a robar, ka cire shi kafin fita ta gaba.